Suyar gaggawa ta naman sa da kayan lambu: yadda nake sauke abincin dare kafin a kira magariba

Ranar da na fara gwada girkin nan rabin kilon nama na ɓata, har yau in na tuna sai na yi tsaki. Na dawo aiki wajen biyar da rabi a gajiye, na yanka nama gutsi-gutsi irin na miya, na juye shi gaba ɗaya cikin ɗan ƙaramin kasko a kan wuta ƙasa-ƙasa, kafin minti biyu naman ya saki ruwa ya koma yana tafasa cikin romonsa, kalarsa ta koma toka-toka. Na zuba karas da kabeji a kai na samu murfi na rufe, wai ya dahu. Da na sauke kabeji ya yi lugub, naman kuwa maigida ya tauna ya tauna sannan ya ɗago kai ya ce "wannan saniyar dai ta sha tafiya." Yara suka tsince karas ɗin suka turo min sauran.

Yanzu kam sau biyu nake yinsa a sati, kuma abin da na gane bayan ɓarnar nan shi ne, ita suyar kanta ba ta kai minti 15 ba, aikin gaba ɗaya yana nan ne kafin ki kunna wuta. In kika kunna wuta ba ki gama yanke-yanke ba to kin makara, don girki ne da ba ya jiran kowa, ba irin miyarmu ba ce da za ki zuba kayan miya ki tafi shanya ki dawo.

Asalin salon na mutanen Chana ne, suna yanka komai ƙanana su soya a wuta mai ƙarfi da mai ɗan kaɗan suna juyawa ba tsayawa, cikin wani kasko mai zurfi da suke ce wa wok. In kin taɓa ganin hotonsa za ki ga ai kaskon tuyar ƙosai ne kawai aka yi wa mariƙi, don haka kar wata ta ce sai ta sayi kasko na musamman. Kaskon ƙarfen nan na gida da ya sha mai ya yi baƙi ya fi min wasu masu tsadar ma.

Ga abin da nake haɗawa na mutum shida, ni da maigida da yara huɗu. Nama tsoka zalla rabin kilo. Karas 3 matsakaita, koren tattasai 2, jan tattasai 1, koren wake cikin hannu biyu, kwatan kabeji, albasa 2, lawashi in da shi. Tafarnuwa sala 5, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, attarugu ɗaya ko biyu gwargwadon bakin yaranki. Sai man gyaɗa babban cokali 3, soya sos (baƙin ruwan ɗanɗano na kwalba da ake yi da waken soya) babban cokali 3, kon-fulawa (farin sitacin masara), masoro, lemon tsami rabi, zuma ko suga ƙaramin cokali ɗaya, da ɗan bekin soda. Ki lura kayan lambun ya kusa ninka naman biyu a nauyi, da gangan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ya samu aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, to in kika raba kusan giram 900 na kayan lambu gida shida kowa ya tashi da 150, fiye da kashi ɗaya cikin uku kenan a zama ɗaya. Ga kuma tsadar nama, rabin kilon da in miya kika yi da shi sai an yi rabon faɗa, a nan kowane cokali da yaro zai ɗebo sai ya ci karo da yanka.

Wajen mahauci ake fara girkin

Nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa. Shanunmu na kiwo ne, suna yawo, ba su da kitse a cikin tsoka sosai, don haka namansu yana da tauri, shi ya sa muka taso muna sulala nama kafin mu soya. A wannan girkin ba a sulalawa, ɗanye ake sa shi a kasko, to dole wurin da aka yanko miki ya zama mai laushi tun asali. Kar ki ce "a ba ni na dubu kaza" ki juya kina danna waya, zai haɗa miki da jijiya da ƙashi da tumbi ne kamar kullum. Ni ga abin da nake cewa: "Malam, tsoka zalla nake so, irin wadda masu tsire suke ɗauka, ba jijiya ba ƙashi, kuma kar ka daddatsa, bar min ita dunƙule." Tsokar gadon baya ta fi kowacce laushi, in babu ki karɓi ta cinya, wadda masu kilishi suke shimfiɗawa. Naman ƙwauri da na wuya da na ƙirji ki bar su don farfesu, ko me za ki yi musu ba za su yi laushi cikin minti biyu ba.

Wanda nake saye a wurinsa da farko dariya ya riƙa yi min, yana cewa "Hajiya tsire za ki fara sayarwa ne?" Yanzu da ya hango ni yake jawo cinya. Kuma in kina da wanda kuka saba, ki roƙe shi ya yanka miki fale-fale da wuƙarsa, ta fi taki kaifi nesa ba kusa ba, ya rage miki aikin minti 10.

In ke za ki yanka, ki wanke naman yana dunƙulensa, ki tsane shi sosai da tsumma mai tsabta ko tishu har ya daina sheƙin ruwa. Bayan kin yanka kar ya ƙara ganin ruwa. In akwai wuta ki jefa shi firiza minti 20 zuwa 30 ya ɗan ƙame, ba ya daskare ba, yankan zai zo miki da sauƙi don ba zai riƙa zillewa ba. In ba wuta ki wasa wuƙarki kawai.

Yanzu ki ɗora shi a katako ki duba da kyau, za ki ga tsokar tana da zare-zare da suka miƙe gefe guda kamar zaren rake. Wannan zaren shi ne yake maƙale miki a haƙori. In kika yanka kina bin tsawonsa to kin bar wa baki aiki, amma in kika gitta wuƙar kika yanke zaren a gicciye, kowane yanki zai fito da guntayen zare da haƙori zai raba ba wahala. Wallahi wannan kaɗai ya raba naman da na ɓata da wanda nake yi yanzu. Ki fara raba dunƙulen gida biyu ko uku a tsaye yadda kowanne faɗinsa zai yi kamar yatsu biyu, sannan ki bi kowanne ki riƙa yanka shi a gicciye, siriri, kaurin bai wuce na bayan wuƙar girki ba. Duk farar fatar nan mai sheƙi da kika gani a jiki ki feɗe ta ki ajiye don miya.

Kafin ki fara ma, ki ɗora shinkafarki. Ita ce mai cin minti 20 zuwa 25, kafin ta tsotse kin ci rabin aikin.

Sai jiƙa naman. Ki zuba shi a kwano, ki sa soya sos babban cokali ɗaya, ruwa babban cokali 2, masoro, da bekin soda kwatan ƙaramin cokali, in naman cinya ne mai ɗan tauri ki kai shi rabi. Ki sa hannu ki murza har ki ga naman ya shanye ruwan, sannan ki barbaɗa kon-fulawa babban cokali ɗaya ki sake cakuɗawa, ki kawo mai ƙaramin cokali ɗaya a ƙarshe don kar su manne da juna a kasko. Ki ture shi gefe minti 15 zuwa 20, daidai lokacin da za ki yanka kayan lambu.

Bekin soda nake nufi fa, ba bekin fauda na kek ba, ba ɗaya ba ne. Aikinsa shi ne hana tsokar takurewa ta matse ruwanta in ta ji zafi, gidajen abincin 'yan Chana da shi suke samun laushin nan da kike mamaki. Amma kar ki wuce rabin ƙaramin cokali a rabin kilo, in ya yi yawa naman sai ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Na san wata za ta ce to ai kanwa ma haka take, gaskiya ne danginsu ɗaya, na gwada sau ɗaya na samu bauri a baki, don ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, ta yau daban ta gobe daban, ba ki da ma'auni. In ba kya son soda kwata-kwata, ki goga ɗanyar gwanda babban cokali ɗaya ki cakuɗa da naman na minti 20, tana da sinadarin da yake narka tsoka. Ruwan ɗanyar abarba ma yana yi, sai dai shi mugu ne, in ya wuce minti 15 naman sai ya dagargaje ya zama kamar an tauna an ajiye. Ita kuma kon-fulawa, farin sitacin masaran nan na gwangwani ko kwali nake nufi, ba garin tuwo ba, tana yi wa naman riga ne ta tsare masa ruwansa.

Maganar soya sos, iri biyu za ki gani a kanti, mai haske da mai duhu. Mai hasken ita ce mai gishiri da ɗanɗano, mai duhun kala take bayarwa, in ɗaya za ki saya ki sayi mai haske. Ki juya kwalbar ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in da tambarin halal ya fi kwanciyar hankali, don wasu ana tsima su ne wata da watanni kuma tsimin yana barin ɗan burbushin barasa. Abu na biyu, gishiri ce zalla. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da gishirin da ya haura giram 2, alhali ana so babba kar ya wuce giram 5 a yini gaba ɗaya, kamar ƙaramin cokali ɗaya kenan. Cokali ukun nan da za mu sa in an raba mutum shida kowa ya samu giram ɗaya da ɗan wani abu, ba laifi, amma in kika ƙara dunƙule uku da gishiri a kai kamar yadda hannunmu ya saba to kin rusa lafiyar da ake nema, musamman in akwai mai hawan jini a gidan. Ni ba na sa gishiri ko kaɗan, dunƙule in zan sa rabi ne.

In ba ki da soya sos ko ba kya sonta, daddawa tana nan. Su ma 'yan Chanan suna da wani baƙin wake da suke ruɓarwa su yi suya da shi, kusan ɗan'uwan daddawarmu ne. Garin daddawa babban cokali ɗaya, ki soya shi tare da citta da tafarnuwa, ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya a raba tsakanin nama da ruwan miyar da za mu haɗa a gaba. Surukata ma wannan ta fi so.

To, kayan lambu. Ki wanke katako da wuƙar da suka taɓa ɗanyen nama da sabulu tukuna, ko ki ɗauko wasu, don kayan lambun nan ba za su daɗe a wuta ba. Ki wanke su da ruwan gishiri ki ɗauraye, musamman kabeji da lawashi da suke riƙe ƙasa, ki zuba a kwando su tsane tas. Ruwa shi ne babban abokin gabar girkin nan, jiƙaƙƙen kabeji in ya shiga kasko ya kashe zafin kenan.

Karas ki kankare ki yanka a karkace siriri, ko a tsaye kamar tsinken ashana, shi ne mai taurin kai don haka shi zai fi kowa siranta. Koren wake ki cire kai da gindi ki karya biyu ko uku. Tattasai ki cire 'ya'yan ki yanka dogo-dogo kamar faɗin yatsa, albasa ma haka, kar ki yi mata ƙanana irin na miya don narkewa za ta yi. Kabeji manya-manya, ya fi na salak girma sau uku. Citta da tafarnuwa da attarugu ki jajjaga ko ki goga, amma kar ki markaɗa da ruwa. Sannan ki jera su yadda za su shiga: karas da koren wake faranti ɗaya, albasa da tattasai ɗaya, kabeji da lawashi ɗaya, jajjage a ɗan kofi. In kina ƙyashin wanke-wanke babban tire ɗaya ya isa, ki yi musu tsibi-tsibi.

Ba dole sai waɗannan ba fa. Lokacin sanyi da kayan noman rani suke cika kasuwa, karas da kabeji da tattasai sun yi araha a kasuwar 'Yankaba ta Kano, nakan cika kaskon da su. In damina ta yi suka yi tsada sai na koma alayyahu, ko ɗanyar kuɓewa ƙanana a raba tsaye, a wuta mai ƙarfi ba ta yauƙi sosai, ko masara ɗanya a ɓare. Alayyahu dai a ƙarshe yake shiga, minti ɗaya ya ishe shi. Citta kuwa ki nemi ɗanya, irin ta Kachia mai yaji, busasshiya ba ta ba da ƙamshin da ake so.

Abu na ƙarshe kafin wuta, ruwan miya. A kofi ki haɗa ragowar soya sos cokali 2, ruwa rabin kofi, kon-fulawa ƙaramin cokali 2, zuma ƙaramin cokali ɗaya, ki dama ki ajiye kusa da murhu. Ruwan sanyi fa, in kika sa na zafi gudaji zai yi.

Yanzu ki kunna

Ki buɗe taga, ki kori yara daga kicin, ki ɗora kasko a kan da ya fi ƙarfi a gas ɗinki ki murɗa har ƙarshe. Ki bar shi ba komai a ciki minti ɗaya zuwa biyu, ki yarfa ɗigon ruwa, in ya yi cuu ya ɓace nan take to ya yi. In mai baƙin shafen nan ne da ba ya kamu, shi ba a barinsa a wuta ba komai, ki sa man tun farko. Ki zuba mai babban cokali ɗaya ki jujjuya kaskon ya bi ko'ina. Man gyaɗa ya fi dacewa don yana jure zafi. In na masu ƙuli ne ki fara jefa yankan albasa ya kashe gafin ki tsame. Manja da man shanu ba nasu ba ne, ɗaya zai cika miki gida da hayaƙi ɗaya zai ƙone.

Ki raba naman biyu, in kaskon ƙarami ne uku. Ki zuba kashi ɗaya ki baza shi da sauri kowane yanki ya taɓa ƙarfe, sannan ki cire hannunki. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi, ki daure ki ƙirga har 60 ba ki taɓa ba. Dalili kuwa, jan nan mai ƙamshi irin na tsire ba ya fitowa sai saman naman ya kai zafin wajen digiri 140, shi kuma ruwa ba ya wuce 100, to muddin akwai ruwa kwance a kaskon dahuwa ake yi ba suya ba. In kika jibga rabin kilo mai sanyi lokaci ɗaya zafin kaskon zai faɗi, naman ya saki ruwa, shi ke nan kin koma gidan jiya. Kunnenki ma zai gaya miki, in kina jin ƙara mai kaifi caaa to ana soyuwa, in ta koma ɓul-ɓul ana tafasa.

Bayan minti ɗayan ki juya, za ki ga gefe ya yi ja, ki ci gaba da juyawa kamar minti ɗaya har ki daina ganin jini-jini, ki kwashe a faranti mai tsabta, ba kwanon da ɗanyen ya zauna ba. Ki jira kaskon ya sake ɗaukar zafi, ki ɗan ƙara mai, ki yi kashi na biyu haka. Kar tsoro ya kama ki cewa bai dahu ba, yankan siriri ne zafi ya ratsa shi, kuma zai sake komawa wuta. In kina shakka ki tsaga mafi kauri ki duba cikinsa, musamman in akwai mai ciki ko ƙananan yara, bai kamata a ga ja ba.

Kar ki wanke kaskon, ɗan kamun nan mai ruwan ƙasa duk daɗi ne, sai dai in ya yi baƙi ƙirin to ki goge da tishu. Ki zuba ragowar man, ki sa karas da koren wake ki yi ta juyawa minti 2. Daga nan ki yayyafa ruwa babban cokali 2 ki rufe na minti ɗaya kacal, tururin zai ratsa su, ki buɗe ruwan ya ƙone. Ki zuba albasa da tattasai, minti ɗaya da rabi kina juyawa. Sai ki ture su gefe ki buɗe fili a tsakiya, ki zuba jajjagen citta da tafarnuwa da attarugu, ki ƙirga 20 zuwa 30, da kin ji ƙamshi ya daki hancinki ki haɗe da sauran. Da yawa suna fara sa tafarnuwa tun farko, a wannan wutar kafin karas ya yi ta ƙone ta yi ɗaci, shi ya sa nake jinkirta ta. Kabeji ya shiga, minti ɗaya, da ya fara risinawa ya isa.

Ki dawo da naman har da ɗan ruwan da ya tarar a farantin. Ki sake dama ruwan miyar don kon-fulawar ta kwanta a ƙasa, ki zuba ta gefen kasko kina juyawa. Cikin ƙasa da minti ɗaya za ki ga ya yi kauri ya yi sheƙi ya lulluɓe komai. Ki kashe wuta, ki matsa lemon tsami, ki watsa lawashi, in kina da soyayyen riɗi ki barbaɗa. Ki ɗanɗana yanzu, ba kafin yanzu ba. In ya yi kauri da yawa ruwa cokali biyu, in ya yi tsululu ki ƙara masa rabin minti a wuta. Kuma ki juye shi daga kaskon nan take, in kika bar shi a ciki zafin ƙarfen zai ci gaba da dafa shi koren ya dushe.

Kayan lambun zai fito garas-garas, koren wake yana kore shar, haka ake so. Ranar da na fara kai wa surukata ta ɗauki karas ɗaya ta gatsa, ta dube ni ta ce "'yar nan gas ɗin ne ya ƙare?" Na ce a'a Hajiya haka ake cinsa. Ta ce to ita haƙoranta ba na haka ba ne. Tun daga ranar in za ta ci nakan ɗebe na yara, nata in ƙara ruwa cokali biyu in rufe minti 2. Amma barinsa da ɗan ƙarfin yana da dalili, bitamin C da yake cike a tattasai da kabeji doguwar dahuwa tana kashe shi, kuma shi ne yake taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Karas kuma abin da ke cikinsa da jiki yake mayarwa bitamin A sai da ɗan maiƙo yake shiga jiki sosai, to ga ɗan man nan. Cokali 3 a abincin mutum shida, ki kwatanta da ludayin da muke kwararawa a miyar dage-dage.

Mai risho, wutarki ba ta kai ta gas ba, ki raba naman gida huɗu, kayan lambun ma biyu, zai ƙara miki kamar minti 10 amma zai yi. Mai gawayi kuwa ke ce da riba, in ya ruru ya yi jajir ya fi gas ɗin gida zafi, sai dai ba a rage shi, in kika ga zai ƙone ki ɗaga kaskon sama ki mayar.

Abin da ya sa nake iya yinsa ranar aiki shi ne ranar Lahadi nake rage rabin wahalar. Nakan yanka nama kilo ɗaya in raba leda biyu, in baje shi fale-fale a cikin ledar kafin in sa a firiza, bajajje yana saurin saki, da safe in mayar da shi firij ko in na dawo in tsoma ledar a ruwan sanyi minti 20. Karas da koren wake a yanke a roba mai murfi da tishu a ƙasa suna kwana uku lafiya. Tattasai da albasa kam a ranar nake yankawa, albasa in ta kwana a yanke sai ta cika firij da wari. Citta da tafarnuwa nakan jajjaga da yawa in zuba a ƙaramar kwalba in ajiye a firiza. In unguwarku wuta sai a hankali kar ki yi wannan kasadar da nama, ki saya a ranar a hanyar dawowa, ki sa a yanka miki a can.

Da farar shinkafa muka fi ci, kuma ina cika rabin farantin da suyar ne in rage shinkafar. Yana tafiya da taliya, ki dafa ta ta ɗan rage kaɗan ki tsane ki juye cikin kaskon tare da ruwan miyar, sai dai ki ninka ruwan miyar. Kuskus ma, dafaffen dankalin Hausa ma, mai ciwon suga kuma acca ko ya ci da 'yar shinkafa kaɗan. Wani lokacin in na gaji da ɗanɗanon soya sos sai in bar ta, in soya komai da ɗan gishiri, in na kashe wuta in barbaɗa yajin ƙuli babban cokali 2, sai ya fito kamar tsire da kayan lambu, ranar ba a ragewa. Attarugu kuma in yaran ƙanana ne ki cire shi gaba ɗaya ki ajiye wa manya yaji a gefe.

In ya ragu kar ki bar shi a rufe a kicin har safe, da ya huce cikin awa 2 ya shiga firij, zai kai kwana uku. Wajen ɗumame ki sa a kasko mai zafi da ruwa cokali ɗaya, minti 2 har ya ɗau zafi sosai ki sauke, in kika daɗe naman zai koma na saniyar da ta sha tafiya. Ni ragowar ma ba ta kaiwa ɗumame, da safe nake tsaga burodi ko gurasa in ɗumama in cusa a ciki in sa wa yara a kular makaranta, autana kullum sai ya dawo da koren tattasan a gefe, ya tsince shi tsaf ya jera min a murfi.